Kumatun Auta na Hagu

Lahadi, 7 ga wata, 6:40 na safe

Kumatun Auta na hagu ya kwana a kumbure. Jiya ja ya yi, da ɗan tsatsafin jini. Yau wuri uku sun ɗaye, ɗaya a ƙasan ido, biyu kusa da haɓa, suna tsatsafo da ruwa.

Ban taɓa irin wannan rubutu ba. Littafin awona ne na juya ta baya, na bar tsawon ƙofofi da faɗin tebura a gaba. Shekara talatin da ɗaya ina goge katako ina yi masa fenti, ina ni ina rubuce-rubuce. Amma tun jiya akwai magana a maƙogwarona da ta ƙi fita ta ƙi komawa, gara in ajiye ta a nan.

Auta ce ƙaramar 'yata, shekararta ashirin da biyu. Ta samu aiki a wani otal, a teburin karɓar baƙi, za ta fara ranar ɗaya ga wata mai kamawa. Tabon ƙuraje ne ya tsaya mata a rai, shi ne ta sayo ɗan injin nan na goge fuska. Bai fi kaurin ƙotar guduma ba. Yana da baki mai kaushi, yana tsotsar fata yana kankare samanta. Jiya da rana aka yi aiki da shi, Mamansu ba ta nan, ta je duba ƙanwarta.

Da ta dawo da yamma ta ga fuskar, sai da ledar hannunta ta suɓuce. Ta tambayi wa ya yi wannan aika-aika. Auta ta ce ita ce, da hannunta, a gaban madubi. Ni ina tsugune a bakin famfo ina wanke hannu. Na daɗe ina wankewa.

Lahadi, 5:15 na yamma

Mamansu ta wuni tana faɗa. Wai yarinya Allah ya ba ta fuska lafiya lau, saboda 'yan ɗigo-ɗigon da ba mai gani sai ya sa tabarau, ta je ta kankare kanta kamar ƙasan tukunya. Wai ga abin da kallon waya yake jawowa. Auta tana zaune kanta a ƙasa.

Can Mamansu ta juyo kaina, ta ce in yi magana mana, ko ba ni na haife ta ba ne, na yi tsit kamar baƙo. Na ce a bar ta haka, ta ji. Auta ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ta mayar da kai.

Litinin, 8 ga wata, 2:00 na rana

Na kai ta asibiti a babur. Likitar mace ce, 'yar ƙarama, mai saurin magana. Ta haska fitila a kumatun, ta jera tambayoyi. Wane baki aka sa wa injin, a lamba nawa, sau nawa aka bi wuri ɗaya, an tsaya a kan wani tabo ko ba a tsaya ba. Auta ta ce mai laushin ta sa, a lamba ɗaya, sau biyu kacal ta bi. Ta ƙara da cewa daga baya ta shafa wani sabon kirim. Ban san lokacin da ta tsara wannan ba.

Likita ta sake duban kumatun. Ta ce in haka ne, to kirim ɗin ne bai karɓe ta ba. Sai ta juyo gare ni.

“Baba, kana nan lokacin da ta yi?”

“Ina shago,” na ce.

Ta rubuta maganin borin jini da wani mai na shafawa. Ta ce kada rana ta taɓa wurin, mu dawo bayan kwana goma, amma in aka ga mugunya ko zazzaɓi a dawo a ranar.

A hanya na rage gudu, na soma cewa, Auta, me ya sa… Ta ce, Baba, ka kula da hanya.

Talata, 9 ga wata, 6:30 na safe

Kumburin bai saɓe ba.

Laraba, 10 ga wata, bayan la'asar

An kawo mini teburin cin abinci mai ƙunar dutsen guga a tsakiya. Aikin da nake yi ido rufe. Ka fara da sanfefa mai kaushi ka cinye ƙunar, ka dawo matsakaiciya, ka ƙare da mai laushi har yatsa ya daina jin komai. Dogo mai kushin, maƙwabcina a layin shaguna, ya leƙo yana tsiyarsa ta kullum, wai da ina shafa Mamansu yadda nake shafa katako da tuni ta daina yi mini faɗa. Ban yi dariya ba. Ya tambaya ko lafiya, na ce kaina ke ciwo.

Na rufe shago da wuri, na ɗauki takardar da ke cikin kwalin injin na kai wa mai kemis. Rubutun ƙanana ne, kuma ba da harshen da nake ji ba. Na ce ta wani maƙwabci ce. Ya sa tabarau ya riƙa karantawa yana fassara mini.

A wanke hannu da fuska, a goge bakin injin da sifirit. A fara gwadawa a hannu, a jira kwana ɗaya. A fara da baki mafi laushi da lamba mafi ƙanƙanta. A ja fatar ta miƙe, a riƙa tafiya da injin, kada a tsaya wuri ɗaya ko na ƙiftawar ido. Kada a bi wuri ɗaya fiye da sau biyu. Kada a hau kan ƙurji ɗanye, kada a kusanci ido. Baki mafi kaushi ba na fuska ba ne sam, na gwiwar hannu ne da dunduniya. In an ji zafi a tsaya.

Na saurara har layin ƙarshe. Da ya gama ya ce, Baba kafinta, ka gaya wa maƙwabcin naka abin ba wuya, in dai zai bi a hankali. Na ce zan gaya masa.

Alhamis, 11 ga wata, 1:20 na rana

Bari in rubuta ranar Asabar, tunda littafi ba ya kallon mutum.

Na dawo cin abincin rana, ƙurar katako har gira. Auta ta fito daga ɗaki da injin, tana dariya, wai a madubi in ta nufi dama sai hannunta ya yi hagu. Ta ce, Baba, kai ne mai hannu, duk layin nan an san hannunka ba ya rawa. Wallahi daɗi na ji. Kaina ya yi girma. A cikin 'ya'yana ita ce mai zama kusa da ni tun tana ƙarama, ita ke miƙo mini ƙusa.

Ta miƙo mini takardar, na ce ta ajiye, shekara talatin da ɗaya ba wanda ya ba ni takarda kafin in yi guga. Bakuna huɗu ne a kwalin. Na shafa kowanne da babban yatsa, na jera su daga mai kaushi zuwa mai laushi, yadda nake jera sanfefa a kan benci. Na fara da mai kaushin, don haka ake farawa. Lamba ɗaya na ji kamar wasan yara, na murɗa zuwa uku. A aikinmu in ka samu tabo ba ka wuce shi, tsayawa kake a kansa har ya daidaita da 'yan uwansa. Na tsaya. Ina yi ina shafawa da yatsa in ji ko ya yi sumul, yatsan da ban wanke ba. Biyun da ke kusa da haɓa ma ba tabo ba ne, ƙuraje ne ɗanyu.

Ban ƙirga sau nawa na bi ba. Ban kai ga kumatun dama ba, don jini ya soma tsatsafowa.

Hannuna kuwa bai yi rawa ba ko sau ɗaya.

Juma'a, 12 ga wata, 7:00 na safe

Wurin ya yi ɓawo rawaya-rawaya, gefensa ya yi ja ya yi ƙyalli. Mamansu ta ce ita fa wannan bai kwanta mata ba, mu koma asibiti. Auta ta ce warkewa ce, haka ciwo yake yi in zai bushe. Na ce Likita kwana goma ta ce, a bar magani ya yi aikinsa, kada a mayar da mu masu gaggawa.

Na tuna sarai ta ce in an ga mugunya a dawo. Amma na san in mun koma za ta sake haska fitilar nan, ta sake juyowa gare ni. Tsoro ne, ba wani abu ba. Ni da furfurata, tsoron 'yar likitar da na haifi kamarta nake ji.

Asabar, 13 ga wata, da azahar

Sati ɗaya. Auta ba ta fito cin abinci ba.

Lahadi, 14 ga wata, 8:10 na safe

Ta juya cikin barci ta kwanta kan hagu, rigar filo ta manne da kumatun. Sai da Mamansu ta jiƙa tsumma da ruwan ɗumi tana ɗigawa tana ɗagawa kaɗan-kaɗan. Ina jin su daga tsakar gida. Uwar tana yi tana cewa, kin gani ko, kin ga abin da kika jawo wa kanki ko. Yarinyar ba ta yi kuka ba, numfashi kawai take ja.

Na ɗauki tsintsiya na share gaban ƙofa, abin da ban yi ba tun ina saurayi.

Daga otal sun bugo waya suna son hoto na katin ma'aikata. Ta tura musu tsoho.

Litinin, 15 ga wata, 4:30 na yamma

Auta ta tashi jiki zafi rau, idon hagu ya rufe ruf. Wannan karon mu uku muka tafi.

Likita ta ɗaga ɓawon, ta daɗe tana kallo. Ta ce wannan ba aikin kirim ba ne, rauni ne, kuma ya yi zurfi, ya kama ƙwayoyin cuta. Ta ce tun ranar farko zuciyarta ba ta kwanta ba, laifinta ne da ta yarda da baki ta bar abin da ido ya nuna mata. Ta ja kujera ta zauna daf da Auta, ta ce ta sake faɗa mata daga farko. Auta ta buɗe baki ta soma, mai laushin na sa, a lamba…

“Ni ne,” na ce.

Duk suka juyo. Na faɗa. Mai kaushin, lamba uku, tsayawa a kan tabo, hannun da ban wanke ba. Ba kirim, ba madubi, kuma ba na shago. Ina magana ina kallon takalmana.

Likita ba ta ɗaga murya ba.

“Baba, da ka faɗa mini haka ranar Litinin ɗin can, da ba wannan magani na ba ta ba. Da na wanke shi na rufe, na ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, wataƙila da yanzu ya kusa rufewa. Kwana bakwai ciwo yana cin fatarta muna ba ta maganin ƙaiƙayi.”

An yi mata allura, an wanke, an rufe da auduga. Kullum da safe za a riƙa kawo ta. Na tambaya ko zai bar tabo, ta ce sai ya warke za ta iya sani. Mamansu ta tare mota suka hau da Auta. Ni na dawo da babur ni kaɗai.

Talata, 16 ga wata, 6:00 na yamma

Na shirya wa faɗa, faɗa bai zo ba. Macen da in na bar kofi a kan rediyo sai unguwa ta ji, yau ta ajiye mini kwano ta juya. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

“Malam, kwana tara ina zagin yarinyar nan a gabanka.”

Shi ke nan abin da ta ce. Daga baya na ji ta a ɗakin Auta tana ba ta haƙuri.

Alhamis, 18 ga wata, 7:45 na safe

Zazzaɓi ya sauka, ido ya buɗe. Alhamdulillahi. Ba a nemi in kai su ba, ni ma ban ce zan kai ba.

Asabar, 20 ga wata, 3:00 na rana

Mai tebur ya zo ɗaukar kayansa. Ya shafa tsakiyar, ya karkata kai yana neman inda ƙunar take, bai gani ba. Ya ce, kai, Malam, Allah ya yi maka hannu. Na ji kamar in ce masa ya kwashe ya ba ni wuri.

Bayan ya tafi na gaya wa Dogo komai. Na gaji da ciwon kan ƙarya. Ya zauna a kan wata kujera da ya farke, ya daɗe yana wasa da almakashi. Na so ya zagi injin, ya ce irin kayan banzan nan ne da ake sayar wa yara. Sai ya ce matarsa tana da irinsa, ta fi shekara tana yi. Sau ɗaya a sati biyu, mai laushin, lamba ɗaya, minti biyar ta gama ta shafa mai, washegari ta sa man kare rana kafin ta fita. Ko ja fuskarta ba ta taɓa yi ba. Ya ga yadda na yi, ya ce shi fa ba don ya ƙara mini ya faɗa ba. Na ce na sani.

Injin ba shi da laifi ke nan. Na so a ce yana da shi.

Litinin, 22 ga wata, 6:50 na safe

An daina rufe ciwon. Na gani yau da Auta ta zo wucewa da bokiti. Biyun da ke kusa da haɓa sun bushe, sun yi baƙi ƙirin, sun fi tabon da ta so cirewa sau goma. Na ƙasan idon ya lotsa, faɗinsa kamar kan babban yatsa.

Kan babban yatsana, in za a faɗi gaskiya.

Laraba, 24 ga wata, da safe

Kullum sai ta gaishe ni. Baba, ina kwana, an tashi lafiya. Gara a ce ba ta yi.

Juma'a, 26 ga wata, 5:30 na yamma

Mamansu ta ce wa Auta ta roƙi mutanen otal su ɗaga mata ko wata ɗaya ne. Ta buga. Suka ce ranar ɗaya ga wata, in ba za ta samu zuwa ba akwai masu jira. Likita kuma ta hana hoda da duk wani abin rufe tabo, sai fatar ta yi ƙwari. Man kare rana kawai.

Uwar ta ce to ta haƙura, wani aikin zai zo. Auta ta ce shekara biyu tana yawo da takardu kafin ta samu wannan, za ta je. In sun kalle ta sun ce ba sa so, su faɗa da bakinsu. Ta ɗauko rigar aikin da suka ba ta ta goge, ta rataye a bayan ƙofa.

Ina zaune a wurin. Ba wanda ya tambayi ra'ayina, kuma daidai ne.

Lahadi, 28 ga wata, da azahar

Gobe Likita za ta faɗa ko zai bar tabo. Na kasa cin abinci, na kasa zama, na kasa fita.

Litinin, 29 ga wata, 1:00 na rana

Auta ce ta ce in zo. Ban san dalili ba, na bi su.

Likita ta haska, ta taɓa da safar hannu, ta kashe fitila. Ta ce baƙaƙen biyun za su dushe, wata shida ko shekara, in ba a bar rana ta dake su ba. Na ƙasan idon kuwa naman wurin ya tafi. Nan gaba akwai abin da za a iya yi a rage shi, amma ba zai cike ba, kada ta yi mana ƙarya. Ta ce gugar ta ci sama, kwana bakwan nan ne suka ci ƙasa.

Na buɗe baki zan tambaya ko ba za a iya bin gefensa a daidaita shi ba. Na ji abin da ke shirin fitowa daga bakina, na haɗiye.

Mamansu ta yi kuka. Auta ta tambayi sau nawa za ta riƙa shafa man a rana, ta rubuta a wayarta, ta yi godiya.

Talata, 30 ga wata, 6:15 na yamma

Auta ta leƙo ta ce gobe ƙarfe bakwai, ko zan kai ta. Na ce zan kai.

Laraba, 1 ga wata, 9:30 na safe

Ta fito cikin rigar aiki, fes da ita. Ba ta ja mayafi ta rufe komai ba. Duk hanya na yi ta kauce wa ramuka kamar na ɗauko gilashi.

Na tsaya nesa kaɗan da ƙofar otal. Ta sauka, ta gyara jaka. Na yi ta juya abin da zan ce, Allah ya ba da sa'a ne ko ki yafe mini, ban zaɓa ba ta riga ni.

“Baba, ban riƙe ka a kan injin ba. Ni na kawo maka. Maganar asibiti ma ni na fara ta. Abu ɗaya nake son sani, don kullum sai na yi ta tunaninsa.”

Na ce ina ji.

“Ranar nan sau uku na ce maka da zafi. Na ce ko ƙarar injin ce ta hana ka ji. Ka ji ni?”

Injin nan ƙararsa ba ta kai ta sauro ba, ita ma ta sani. Hanya ta ba ni. Da na ce ban ji ba, da ta karɓa, ta tafi aikinta da sauƙin zuciya, ni ma haka.

“Na ji,” na ce. “Duka ukun.”

Ta tsaya tana kallona, ta gyaɗa kai a hankali.

“To,” ta ce.

Ta tsallaka titi. Maigadin ƙofa ya miƙe ya gaishe ta, na ga idonsa ya sauka a kumatun ya yi saurin ɗaukewa. Ta ba shi katinta, ta shiga, ba ta waiwayo ba.

Ban tambaye ta ƙarfe nawa suke tashi ba, ita ma ba ta ce in dawo ba.